Sanƙarau da Madubin Likita: Tarihin Yaƙi da Abin da Ido Ba Ya Gani

Duk wanda ya tashi a ƙasar Kazaure, ko Roni, ko Gwiwa, ko Babura, ya san yadda shekara take juyawa bayan an kai amfanin gona gida. Hunturu ya shigo da hazo da ƙura, leɓe ya tsattsage, hanci ya bushe. Sanyi na janyewa sai bazara ta kama, zafi ya hana barci a ɗaki. A wannan tsakanin ne, daga wajen Fabrairu zuwa Mayu, gaban uwa ke faɗuwa in yaro ya ce kansa na sara. Ta taɓa goshinsa, ta ce ya sunkuyar da kai haɓarsa ta taɓa ƙirji. In ya kasa, hankalin gida ya tashi, don kowa ya san sunan abin: sanƙarau.

Kakanninmu sun karanci halin wannan cuta da kyau. Sun lura tana zuwa da zafi, ta fi kama yara da samari, tana bin gidan da aka cunkushe a ɗaki ɗaya, kuma da ruwan farko ya sauka sai ta lafa. Duk wannan gaskiya ne, binciken zamani bai rushe ko ɗaya ba. Abu ɗaya ya gagare su, shi ne ganin mai kawo ta, domin ya fi ƙarfin ido. Shi ya sa wasu suka ɗora wa zafin rana, wasu suka ɗora wa iska, aka yi ta ƙaho da tsaga a ƙeya.

Yau 'ya'yan wannan yanki suna zaune a azuzuwan koyon aikin jinya da unguwarzoma da kiwon lafiya a Babura da Jahun da Birnin Kudu da Hadeja, ana koya musu sassan ƙwayar halitta da rabe-raben ƙwayoyin cuta. Da yawansu haddacewa suke yi don jarrabawa, su manta bayan an raba sakamako. Ina so in nuna musu cewa darasin nan tarihin ƙasarsu ne, kuma kowane layi a cikinsa an biya kuɗinsa da rayukan mutane, ciki har da namu.

Yadda ido ya samu mataimaki

Tun kafin a ga ƙwayar cuta, masu hankali sun gane cewa annoba tana tafiya daga mutum zuwa mutum. Musulmi sun gaji koyarwar kada a shiga garin da annoba ta ɓarke kuma kada a fita daga cikinsa, kuma Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham saboda annobar da ta faɗa can. A ƙarni na 14, malamin nan na Andalus, Ibn al-Khatib, ya kafa hujja da abin da ya gani cewa cuta tana bin tufafi da kwanuka da matafiya. Amma sanin cewa abu yana yaɗuwa daban, ganinsa daban.

Gilashi ne ya buɗe ƙofar. A 1665 wani Bature ɗan Ingila, Robert Hooke, ya yanka ɓawon itace siriri ya sa a ƙarƙashin madubinsa mai ƙara girma, sai ya ga ƙananan ramuka a jere, kowanne da bangonsa. Matattun ƙwayoyin halittar tsiro ya gani. Wanda ya fara ganin masu rai suna motsi kuwa ba likita ba ne, ɗan kasuwa ne mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, sunansa Antonie van Leeuwenhoek. Da hannunsa yake goge 'yan ƙananan gilasai har su ƙara girman abu sau ɗari biyu da wani abu. A 1674 ya ga halittu suna iyo a ɗigon ruwan tafki, a 1676 ya ga bakteriya, a 1683 kuma ya kankaro dattin haƙorinsa ya same su a ciki.

Sai da aka yi shekara fiye da ɗari da hamsin kafin a fahimci ma'anar abin da mutanen nan biyu suka gani. A 1838 Matthias Schleiden ya ce duk tsiro da ƙwayoyin halitta aka gina shi, a 1839 Theodor Schwann ya ce haka dabba da mutum. A 1855 Rudolf Virchow ya cika zancen da cewa kowace ƙwayar halitta daga wata ƙwayar take fitowa, kuma ciwo a cikin ƙwayoyin nan yake farawa.

Daga baya aka san gidaje biyu na masu rai. Ƙwayar halittar mutum da ta dabba da ta tsiro tana da cibiya mai tantani, inda aka adana bayanan gado, tana kuma da ƙananan sassa masu samar da ƙarfi da masu ƙera furotin, duk an kewaye su da tantani mai laushi. Bakteriya ba ta da wannan cibiya. Bayanan gadonta a sake suke a cikinta, kuma a bayan tantaninta akwai bango mai tauri wanda ƙwayar mutum ba ta da shi. Ta fi tamu ƙanƙanta nesa ba kusa ba: sai an jera kamar guda dubu kafin su cika milimita ɗaya, alhali jar ƙwayar jini ɗaya ta ninka ta sau bakwai ko takwas a faɗi. Bairos kuwa bai kai matsayin ƙwayar halitta ba ma. Ɗan bayanin gado ne a cikin kwanson furotin, ba ya iya hayayyafa sai ya shiga ƙwayar wani, kuma ba a gan shi da ido ba sai bayan an ƙera madubi mai aiki da lantarki a 1931.

An kama mai laifi

A Faransa, Louis Pasteur ya nuna a farkon shekarun 1860 cewa romon da aka tafasa ba ya lalacewa muddin ƙurar iska ba ta faɗa masa ba, ma'ana ƙwayoyin ba su tsira haka kawai daga ruɓa, zuwa suke yi daga waje. A Jamus, Robert Koch ya ɗauki mataki na gaba, wato haɗa kowace cuta da ƙwayarta. Ranar 24 ga Maris 1882 ya bayyana ƙwayar tarin fuka a Berlin, shekara biyu bayan haka ya tabbatar da ta kwalara. A 1880 Alphonse Laveran ya ga ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a jinin wani soja a Aljeriya, a 1897 Ronald Ross ya same ta a cikin sauro a Indiya. Tun 1851 Theodor Bilharz ya gano tsutsar tsargiya a Alƙahira, wadda har yau take sa yaran da ke wanka a kududdufai da bakin dam fitsarin jini.

Mutum biyu daga wannan zamani su suka fi shafar labarinmu. Na farko Hans Christian Gram, likita ɗan Denmak, wanda a 1884 ya gano cewa in aka rina bakteriya sannan aka wanke da sinadarin alkohol, wasu suna riƙe launin, wasu suna saki. Na biyu Anton Weichselbaum na birnin Biyana, wanda a 1887 ya ɗebo ruwan kan mutanen da sanƙarau ya kashe, ya ware ƙwayar da ake kira Neisseria meningitidis. A 1891 Heinrich Quincke ya fito da dabarar ɗibar ruwan laka ta ƙashin baya daga mai rai. Da waɗannan abubuwa uku aka samu hanyar da ake bi har gobe.

Ga yadda abin yake a asibiti. An kawo yaro jikinsa rau da zafi, yana amai, haske na damunsa. A kwantar da shi ta gefe, a naɗe gwiwoyinsa zuwa ƙirji don ƙasusuwan baya su buɗe. Mahaifiyar tana tsaye ta riƙe bakin mayafi, tana cewa, "Likita, an ce in aka ɗebi ruwan bayan yaro ba ya ƙara tafiya." Likita ya ce, "Inna, kwantar da hankalinki. Inda allurar za ta shiga, laka ba ta kai wurin ba. Ɗigo kaɗan za mu ɗiba, jiki zai mayar da shi yau ɗin nan." Ruwan lafiyayye garau yake fita. Na mai sanƙarau kuwa a gurɓace yake ɗigowa, saboda fararen ƙwayoyin jini da suka yi dafifi don yaƙi.

Daga nan sai ɗakin gwaji, kuma da gaggawa, don ƙwayar sanƙarau ba ta jure zama a wajen jiki, firji ma kashe ta yake yi. Ma'aikaci ya shafa ɗigo a kan gilashi, ya bari ya bushe, ya gitta shi ta kan harshen wuta don ya kama. Ya zuba shuɗin rini mai ruwan hoda-hoda ya jira minti ɗaya, ya ɗauraye. Ya zuba aidin, ya sake jira, ya ɗauraye. Sai alkohol na 'yan daƙiƙoƙi, kuma a nan gwaninta take, domin in ya daɗe ko ya gaza sakamakon ya ɓaci. A ƙarshe jan rini. Ya ɗiga mai, ya sauke madubi mai ƙara girma sau dubu. In ya ga jajayen ƙwayoyi bibbiyu, masu siffar wake suna fuskantar juna, wasunsu a cikin fararen ƙwayoyin jini, to ƙwayar annoba ce, dole a sanar da hukuma a ranar. In ya ga bibbiyu masu launin shuɗi, wata ƙwayar ce daban, wadda take kawo ciwon huhu. Bambancin launin daga bango yake: mai kaurin bango ta riƙe rinin farko, mai siririn bango ta sake shi. Aikin bai kai rabin awa ba.

Sanƙarau a ƙasar Hausa

Rubutaccen tarihin annobar a Arewa ya faro daga 1905, lokacin da likitocin mulkin mallaka suka ba da rahoton ɓarkewarta a Zungeru, hedikwatar Arewa ta wancan lokaci. Daga nan ta riƙa dawowa bayan 'yan shekaru. A 1921 ta kashe dubun dubatar mutane a lardin Sakkwato. A tsakanin 1949 da 1950 an lissafa sama da mutum 90,000 da suka kamu a lardunan Arewa, sama da 14,000 suka rasu, ban da waɗanda aka binne a ƙauyuka ba a rubuta ba.

A 1963 wani likitan sojan Faransa, Léon Lapeyssonnie, ya tattara rahotannin ƙasashe ya zana taswirar yankin da annobar ta fi so, wanda yau ake lissafawa daga Senegal zuwa Habasha, ƙasashe 26. Kazaure da Daura da Gumel da Damagaram duk a tsakiyarsa suke. Bincike ya kuma bayyana abin da kakanni suka lura da shi. Ƙwayar tana zaune a maƙogwaron lafiyayyun mutane da yawa, kamar ɗaya cikin goma, ba ta yi musu komai ba, suna yaɗa ta ta tari da atishawa da numfashi a ɗaki mai cunkoso. Idan busasshiyar iska da ƙura suka raunana tantanin hanci da maƙogwaro, sai ta samu hanyar shiga jini, daga jini ta haura zuwa tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kafin a samu magani, yawancin waɗanda suka kamu mutuwa suke yi. Magungunan salfa da suka fito a ƙarshen shekarun 1930, irin ƙwayar M&B da tsofaffi ke tunawa, sun sauko da mace-macen zuwa kamar ɗaya cikin goma. Sannan fenisilin ya zo, wanda Alexander Fleming ya gano a 1928, Howard Florey da Ernst Chain suka mai da shi magani a farkon shekarun 1940. Aikinsa shi ne hana bakteriya gina bangonta, sai ta kumbura ta fashe. Mu ba mu da wannan bango, shi ya sa ba ya taɓa ƙwayoyin jikinmu. Bairos ma ba shi da shi, shi ya sa kafso ba ya maganin mura ko ƙyanda komai yawan wanda aka sha. Zuwa wajen 1970 ƙwayar sanƙarau ta bijire wa salfa, domin bakteriya tana rabuwa biyu cikin ƙasa da awa ɗaya, kuma duk lokacin da aka sha magani ba bisa ƙa'ida ba, masu taurin kai ne suke tsira su hayayyafa.

Zariya da Garki

Ana yawan ba da wannan tarihi kamar a Turai aka gano komai, mu kuwa karɓa kawai muka yi. Ba haka ba ne. A shekarun 1970 Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya yana cikin manyan wuraren binciken sanƙarau a duniya. Brian Greenwood da Hilton Whittle da abokan aikinsu 'yan ƙasa sun gwada hanyoyin gano ƙwayar cikin sauri ta hanyar sinadarin kwansonta. A annobar 1977 sun nuna cewa yi wa mutanen gidan mara lafiya rigakafi yana kare su. A nan ne kuma Dakta Sadiq Wali da abokansa suka nuna cewa allura ɗaya ta maganin kuloramfenikol mai mai tana iya warkar da mai sanƙarau, dabarar da ta ceci rayuka da yawa a ƙauyukan Afirka inda babu gadon kwantar da kowa.

Kusa da gida ma akwai abin alfahari. Garki, wadda yau take mazaɓa ɗaya da Babura a Majalisar Wakilai, ta karɓi baƙuncin wani bincike kan zazzaɓin cizon sauro daga 1969 zuwa 1976, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka gudanar. A lokacin tana cikin Jihar Kano. Duk bayan mako goma ma'aikata su shiga ƙauyukan da aka zaɓa, su huda yatsan kowa, babba da yaro, su ɗiga jini a gilashi, su rina, masu duba madubi su zauna suna ƙirga ƙwayoyin cutar fili bayan fili. An fesa maganin sauro a bangayen ɗakuna, an raba ƙwayoyi ga jama'a. Zazzaɓin ya ragu ƙwarai amma bai yanke ba, kuma da aka daina ya dawo. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne wasu sauron a waje suke hutawa, ba su sauka a bangon da aka fesa. Mario Coluzzi ɗan Italiya ya duba zaren gadon da ke cikin ƙwayoyin halittar sauron, ya nuna cewa waɗanda ido ke gani iri ɗaya sun kasu kashi-kashi, kowane kashi da halinsa.

A wannan bincike ne Alan Fleming na Zariya da abokansa suka auna jinin mutanen Garki, suka ga kusan ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da rabin gadon sikila, kuma kamar jarirai biyu cikin ɗari da cikakkiyar cutar ake haifarsu, yawancinsu a wancan lokaci ba su kai shekara biyar. Mai rabin gadon yana da kariya daga mummunan zazzaɓi, shi ya sa gadon ya yawaita a ƙasar sauro. Canjin sinadari ɗaya tak a furotin ɗin jar ƙwayar jini shi ke lanƙwasa ta, kuma shi ne dalilin gwajin jini kafin aure. Louis Molineaux da Gabriele Gramiccia sun wallafa sakamakon aikin Garki a 1980, kuma masana lissafin yaɗuwar zazzaɓi suna amfani da alƙalumansa har yau. Da jinin manoman Jigawa aka rubuta wannan babi na ilimi.

Shekarar 1996

Wanda ya kai shekara arba'in a yankin nan ba sai an ba shi labarin 1996 ba. Jigawa tana da kusan shekara biyar da kafuwa lokacin da annoba mafi muni ta auka wa Arewa. Farfesa Idris Mohammed, wanda ya jagoranci yaƙi da ita, ya lissafa mutum 109,580 da suka kamu a Najeriya, 11,717 suka rasu. Asibitoci suka cika, aka kwantar da mutane a baranda da ƙarƙashin itatuwa, kuma ƙyanda da kwalara suka zo tare da ita. Waɗanda suka tashi da yawansu sun tashi da kurumta ko farfaɗiya ko raunin ƙwaƙwalwa.

A tsakiyar wannan hali ne kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa Trovan a Asibitin Zana da ke Kano, a wani gwaji da ya ƙunshi yara 200. Yara 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba, kamfanin ya ce cutar ce ta kashe yaran. Shari'a ta yi shekaru, a 2009 aka sasanta da gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75. Raunin da abin ya bari a zukata yana cikin abubuwan da aka riƙa ambatawa lokacin da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. Duk ɗalibin lafiya ya kamata ya san wannan labari tare da darasin bakteriya, domin ilimin da ba a haɗa shi da neman izini da faɗin gaskiya ba, jama'a juya masa baya suke yi ko da shi ne zai cece su.

Kwanson da ya zama rigakafi

A bayan bangon ƙwayar sanƙarau akwai wani kwanso mai santsi na sinadarin sukari, wanda ke hana fararen ƙwayoyin jini cafke ta. Da bambancin wannan kwanso aka raba ta gida-gida, kuma gidaje shida ne suke kawo yawancin ciwon: A da B da C da W da X da Y. Gidan A shi ya addabi ƙasar Hausa kusan ƙarni guda.

A ƙarshen shekarun 1960 Emil Gotschlich a Amurka ya tace sukarin kwanson ya mai da shi rigakafi. Ya yi amfani, amma yana da rauni uku: ba ya kama ƙananan yara sosai, kariyarsa ba ta wuce 'yan shekaru, kuma ba ya korar ƙwayar daga maƙogwaro. Don haka sai annoba ta ɓarke ake rugawa da shi. Dalilin raunin a cikin ƙwayoyin garkuwar jiki yake. Akwai waɗanda ake kira B, masu ƙera makaman da ke manne wa ƙwayar cuta, akwai waɗanda ake kira T, masu taimaka musu su yi aiki mai ɗorewa su kuma riƙe tunawa. Ƙwayoyin T furotin suke ganewa, ba su kula sukari. Mafita ita ce a ɗaure sukarin kwanson a jikin wani furotin, sai T su shigo aikin.

Bayan 1996 ministocin lafiya na Afirka suka nemi irin wannan rigakafi a farashin da za su iya. A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH suka kafa shiri na musamman da tallafin Gidauniyar Gates, kamfanin Serum Institute na Indiya ya yarda ya haɗa shi a ƙasa da rabin dala kowace allura. Ranar 6 ga Disamba 2010 aka ƙaddamar da MenAfriVac a Burkina Faso, Mali da Nijar suka biyo baya a watan. Najeriya ta fara a Disamba 2011, kuma Jigawa da Katsina suna cikin jihohin farko. Aka yi wa 'yan shekara 1 zuwa 29. Saboda allurar tana share ƙwayar daga maƙogwaro, har wanda ba a yi wa ba ya samu sauƙi. Tun bayan 2017 ba a sake tabbatar da sanƙarau na gidan A a yankin ba.

Sauran gidajen kuwa suna nan. W ya ɓarke a aikin Hajjin 2000, ya auka wa Burkina Faso a 2002. X ya bayyana a Nijar a 2006. C ya afka wa Yamai a 2015, sannan a 2017 ya kama sama da mutum 14,000 a Najeriya, ya kashe fiye da 1,100, akasari a Zamfara da Sakkwato. Daga Oktoba 2022 zuwa Afrilu 2023 an samu mutum 1,686 da ake zargin sun kamu a Najeriya, kusan kashi uku cikin huɗu a Jigawa suke, daidai lokacin da cutar take ci a jihar Damagaram da ke tsallaken iyaka. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan, sai da wani ma'aikacin ɗakin gwaji ya tantance gidan ƙwayar kafin a san allurar da za a nema, domin rigakafin A ba ya kare mutum daga C.

A Yuli 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sabuwar allura mai haɗe da gidaje biyar, A da C da W da Y da X. Najeriya ce ƙasar farko a duniya da ta yi amfani da ita, daga 25 zuwa 28 ga Maris 2024, a Jigawa da Bauchi da Yobe, da nufin kai wa ga mutum sama da miliyan ɗaya.

Abin da ya rage a hannunmu

Shekara 137 ke nan tsakanin ranar da Weichselbaum ya ga ƙwayar da ranar da allurar gida biyar ta iso Jigawa, kuma babu matakin da aka taka ba tare da sanin ƙwayar halitta ba. Bango ya ba da launin rini da maganin fenisilin. Kwanso ya ba da rabe-raben gidaje da rigakafi. Ƙwayoyin B da T suka ba da dalilin da ya sa allura ɗaya ta fi wata.

Aikin bai ƙare ba. Kwalara ta yi ɓarna a Jigawa a 2021, mashaƙo ya dawo Kano a ƙarshen 2022, kuma kafso ana sayar da shi a kemis da tire a kasuwa kamar alewa, ana koya wa ƙwayoyin cuta bijirewa. Har yanzu samfurin da aka ɗiba a ƙauye yakan yi doguwar tafiya kafin a tabbatar da gidan ƙwayar, kuma kowace ranar jinkiri tana da farashinta. Yanki mai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure da Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura bai kamata ya rasa madubi mai aiki da rini mai kyau da ƙwararren mai duba su a kowane babban asibiti ba. Wannan haƙƙi ne a wuyan gwamnati da 'yan majalisa da masu hali.

Ɗalibai kuwa nasu haƙƙin shi ne su koyi darasin nan da niyyar aiki da shi. Ma'aikaciyar lafiya a ƙaramin asibitin ƙauye a Gwiwa ko Roni ita ce ta farko da za ta ga yaron da wuyansa ya sanƙare. In ta san abin da ke faruwa a jikinsa, ba za ta ba shi maganin zazzaɓi ta ce a dawo jibi ba. Za ta fara allurar maganin seftiriyazon ko ta tura shi babban asibiti nan take, ta sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma a ranar, ta kuma zauna da maigidan ta yi masa bayani da Hausar da zai gane, har ya yarda a rage cunkoson ɗakin kwana, a kai sauran yara rigakafi. Sanƙarau yana iya kashewa cikin kwana ɗaya, don haka wannan sanin da ta ɗauko daga aji shi ne zai raba tsakanin yaron da aka sallama da ƙafafunsa da wanda aka rasa.